Zaure Ɗaya da Ragowar Maganar Inna

Shekarun baya, tun kafin wayar shafawa ta shiga aljihun kowa, ina koyar da Faransanci a kwalejin garinmu, Madarumfa. Duk makarantar ordinatar ɗaya gare mu, wato kwamfuta, tana cikin biro, ofishin darekta, lulluɓe da tsohon zanen tebur saboda kashin ƙadangaru. Ni aka ɗora wa kula da ita. Ban fi kowa saninta ba, ni kaɗai ne dai ban ja da baya ba ranar da aka kunna ta, kuma a aikin gwamnati wannan ya isa a kira mutum gwani.

Ina da aboki da muka tashi unguwa ɗaya, muka zauna benci ɗaya tun ajin farko. A lokacin yana Aljeriya yana karatun injiniyan ruwa da tallafin gwamnati. Ina ce masa Injiniya tun bai zama ba, shi kuma yana ce mini Mushe, yadda ake kiran malamin makaranta da Faransanci, da wata murya da ke nuna bai ɗauki muƙamin da nauyi ba. Wani hutu da ya zo gida ya leƙo biro, ya tarar ina fama: in buɗe wannan don in duba intanet, in rufe, in buɗe wancan don in karanta saƙon imel, na'urar ta tsaya tana nishi kamar jakin da aka yi wa lodin albasa. Ya ture ni daga kujera, ya saka wani faifai, ya zuba mini wani lojisiyel, abin da yara yanzu suke kira manhaja.

Ya ce, “Mushe, ka ga wannan? Gida ne mai ɗaki uku, zaure ɗaya. Nan ka yi yawon duniya, nan ka karanta wasiƙunka, nan kuma mu yi hira ni da kai. Da ka buɗe, duka sun buɗe.”

Na ce, “To idan ɗaki ɗaya kawai nake son shiga?”

Ya ce, “Wa ka taɓa gani ya shiga gida ta katanga in ba ɓarawo ba?”

A gefen allon akwai sunansa, ni kuma nawa yana gefen nasa allon a can. Duk wanda ya buɗe manhajar, ko me ya kawo shi, wani ɗan koren ɗigo zai kama kusa da sunansa, ɗayan ya san yana nan. Abin ya burge ni ƙwarai. Na yi ta nuna wa abokan aiki kamar ni na ƙera shi.

Mahaifiyarsa, wadda duk unguwa muke ce wa Inna, kunnenta ya yi nauyi, ba ta jin magana a waya. Kiran ƙasar waje kuma ba abin ɗalibi ba ne. Don haka na zama masinja. Kowace Alhamis da yamma nakan je gidan, in tarar da ita tana tsinke zogale ko tana gyaran kifin da aka kawo daga tafki, in zauna a kan turmi ta ba ni saƙo. Shi ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta taɓa kama sunansa ba. Sai dai ta ce, “Ka ce ma abokin naka...” daga nan kuma sai Allah. Za ta faro daga akuyarta da ta shiga lambun maƙwabci ta cinye salati, ta bi ta kan wanda ya haihu da wanda ya yi gini, ta gangaro kan sanyin da ta ji ana yi a ƙasar Larabawa, ta ce kada ya sha ruwan firiji, ta koma kan akuyar.

Ni kuwa malamin da ke koya wa yara taƙaita rubutu ne, kuma layin da minti ake biyansa, darekta yana tsaye yana duban agogo. Washegari sai in rubuta, “Inna tana gaishe ka. Ta ce ka dage da karatu, ka riƙa cin abinci.” Maganar da ta ɗauke ta daga la'asar zuwa kiran magariba, in dunƙule ta a layi biyu, har ina jin daɗin iya aikina.

A shekararsa ta ƙarshe, ana dab da faɗuwar damina, Inna ta kwanta da zazzaɓi. Bai yi kama da abin da zai ɗauki rai ba. Aka kai ta likita, aka dawo da ita, kafin a yi shawarar wucewa Maraɗi Allah ya karɓi abinsa. Da hantsi ta cika, bayan azahar muka kai ta.

Da muka dawo daga maƙabarta, yayanta, wanda mu ma Kawu muke ce masa, ya ja hannuna bayan rumbu. Manomi ne, mutum mai ƙarancin magana, shi ya riƙe gidan tun rasuwar mahaifin abokina.

Ya ce, “Mushe, yaushe yaron ga zai tsaya gaban malamansa?”

Yana nufin sutunansi, ranar da ɗalibi ke kare kundin bincikensa a gaban manyan malamai, a ba shi digiri ko a hana shi. Na ce saura ƴan kwanaki, ba su kai wata ba.

Ya ce, “In ya ji yau, mi zai yi?”

Ban yi ƙarya ba. Na ce zai bar komai ya kamo hanya.

“In ya taho, suna jiransa?”

Na ce ba sa jira. Shekara za ta wuce shi, tallafin kuma ya ƙare, ba a sabunta shi. Wanda ya dawo ba takarda, da wuya ya koma.

Kawu ya ce, “Wadda zai taho dominta mun rufe ta. Ba abin da zai iske sai tabarmi da mutane. Shekarun da ta yi tana jiran takardar ga, ba ni bari su tahi banza. Ba mai hwaɗa mishi sai ya gama. In ya gama ma, ba a hwaɗa mishi yana shi kaɗai. Ba a jehwa ma mutum mutuwar uwa kamar an jehwa ma kare ƙashi. Babba ka hwaɗi, kuma sai da wani zaune kusa da shi.”

Na ce, “To, Kawu.”

Ya ce, “Duk gidan ga na iya kame bakinsu. Kai ne ke da ƙohwa.”

Sai da na koma makaranta na gane abin da na amsa. Lokacin shirye-shiryen jarrabawar ƙarshen shekara ne, kullum akwai abin da za a aika Maraɗi ko a karɓa daga can, kuma duk ta imel. Imel ɗin kuwa yana cikin gidan nan mai zaure ɗaya. Ba yadda zan shiga ɗakin wasiƙa ban bi ta gaban abokina ba, shi kuma a kwanakin nan kusan wuni yake a ɗakin ordinatocin jami'arsu yana gyaran kundi. Daga baya na ji cewa akwai wani wuri da mutum zai latsa ya ɓoye kansa. Da Ingilishi aka rubuta shi, ni kuwa duk karatun da nake taƙama da shi, Ingilishina bai wuce gaisuwa ba. Ko da na sani ma, ban tabbata zan iya laɓewa ina kallon sunansa ba.

Na buɗe. Ɗigona ya kama. Ko saƙon farko ban gama dubawa ba rubutunsa ya faɗo.

“Mushe, na gan ka. Kada ka yi kamar ba ka gan ni ba.”

Muka gaisa. Ya tambayi ruwa, na ce hadari dai muke gani yana wucewa Najeriya. Ya yi tsiyar darektanmu kamar yadda ya saba. Sannan ya rubuta abin da na san yana tafe.

“Ina Inna? Me ta ce?”

Na ɗora yatsu a kan maɓallai na kasa latsa komai. In na ce tana lafiya, na yi ƙarya a kan mamaciya da ko kwana uku ba ta yi a ƙasa ba. In na ƙirƙiri magana na sa a bakinta, ya fi muni. In na yi shiru, to shirun ya faɗa masa. Ina cikin haka sai maganar akuya ta faɗo mini. Ta faɗe ta da bakinta, ta ce in gaya masa, ni ne na yanke ta don ban ga ta cancanci minti ba.

Na rubuta, “Ta ce in gaya maka akuyarta ta shiga lambun maƙwabci ta cinye salati kaf. Ta ce da mai lambun ya zo ƙara, ta ce masa ai akuyar ba ta yi karatun lakwal ba, ba ta san iyaka ba.”

Ya cika mini allo da dariya. Ya ce wannan Inna ce sak, ya ce me ya sa ban taɓa aiko masa da irin wannan ba, kullum sai ka ci abinci, ka ci abinci, kamar sanarwar gidan rediyo. Na rufe na'urar, na fita bayan aji na tsaya har aka buga ƙararrawa.

Haka na samu abin yi. Ashe duk watannin nan da nake taƙaitawa rumbu nake cikawa ban sani ba. Da yamma nakan zauna in tuno Alhamis ɗaya bayan ɗaya, in tono abin da ta faɗa na watsar. Kowace rana in auna masa kaɗan, kamar mai gida a tsakiyar damina. Yau in ba shi na ruwan firiji. Gobe in ba shi wanda ta ce ta yi mafarkinsa ya dawo da gemu irin na Larabawa, ta ce in ya kuskura ita za ta aske shi da kanta. Ban ƙara ko kalma ba. Abin da ban tabbata ita ta faɗa ba, na bar shi.

Sau ɗaya ya tsare ni. Ya rubuta, “Lafiyarta dai ko? Na ga kwanan nan ta cika zance.”

Na rubuta, “Alhamdu lillahi.” Kafin ya ƙara wata tambaya wuta ta ɗauke. Tun da na san kamfanin wuta, ranar ce kaɗai na sa musu albarka.

Na gwada ƙauracewa. Na ce wa darekta layi ya lalace, muka yi kwana biyu ba mu buɗe ba. Da na buɗe na tarar da saƙonsa a ɗakin wasiƙa, layi ɗaya: “Lafiya na daina ganinka? In ba ka fito gobe ba zan ari waya in kira Kawu.” Nan na gane a wannan gida rashin ganin mutum ma magana ne. Na koma bakin aikina.

Sai aka ɗaga sutunansin. Ɗaya daga cikin malaman da za su zauna ya yi tafiya. Abokina ya ba ni labarin yana ƙorafi, ni kuwa rumbuna ya kusa ƙasa. Na je wurin Kawu na ce masa zance ya ƙare mini.

Ya ce, “Kai kaɗai ta yi ma magana a duniya?”

Na shiga kala, kamar yadda ake bin gona bayan girbi. Na je wurin ƙanwar abokina, na je wurin tsohuwar da suke zaman tsinkar zogale tare, ina tambaya me Inna ta taɓa faɗa a kansa. Su faɗa suna kuka, ni in riƙe a ka. A nan na ji abubuwan da ba ta taɓa ba ni a matsayin saƙo ba, saboda kunyar ɗan fari. Ashe ta hana a sare itacen bedin da ya shuka a ƙofar gida, ko da saiwarsa ta fara tsaga katanga. Ashe duk ranar da aka yi miyar kuka da busasshen kifi sai ta ce, wani yana can yana cin burodi. Na aika masa da su ɗaya-ɗaya. A kan na bedin bai yi dariya ba. Ya rubuta, “Ka ce mata in na dawo zan gyara katangar.” Na ce to.

Saura sharaɗin Kawu na biyu, wanda zai zauna kusa da shi. Kawu ya tuna akwai wani ɗan garin Safo, ɗan wani da suka taɓa fataucin wake tare, wanda ya daɗe a ƙasar yana koyarwa a wata jami'a, a wani gari daban. Sunansa kawai muke da shi. Na shiga ɗakin yawon duniya na yi ta lalube, shafi yana buɗewa kamar ana jan guga daga rijiya mai zurfi, har na samo sunansa a shafin jami'arsu da adireshin imel a ƙasa. Na tsallaka ɗakin wasiƙa na rubuta masa komai. Ina rubuta “mahaifiyarsa ta rasu” a wannan taga, a tagar da ke gefe abokina yana tambayata ko ya sa taye ranar sutunansi ko ya sa babbar riga ya ba Larabawa tsoro. Sau uku na duba kafin in latsa aikawa, don in tabbata a tagar da ta dace nake.

Mutumin Safo ya amsa washegari. Bai taɓa ganin abokina ba. Ya ce zai hau jirgin ƙasa ya je, zai ce masa ya ji labarin ɗan gida zai kare kundi ne ya zo taya shi, in an gama zai rako shi gaban na'ura.

Daren da za a wayi gari sutunansi aka yi ruwan shuka, irin wanda ake jira. Da safe garin ya watse, kowa ya ɗauki sungumi da iri ya nufi gona. Manomi bai san wata rana da ta fi wannan tsada ba. Amma da hantsi sai ga Kawu a ƙofar biro, ya sa rigarsa ta Juma'a, taɓo har idon sawu. Ya tuɓe takalma a waje kamar zai shiga masallaci. Na ba shi kujerar darekta ya ƙi, ya sa aka shimfiɗa masa tabarma kusa da tebur.

Muka jira. Wajen azahar ɗigon ya kama.

“MUSHE! Ka tashi tsaye in za ka yi magana da ni. Injiniya ne ke magana, na gaske!”

Na karanta wa Kawu. Ya ce alhamdu lillahi, ya shafa fuska. Abokina ya ci gaba da zuba, ya ce malaman sun yaba, ya ce wani bawan Allah ɗan Safo ya zo tun daga wani gari don shi kawai, ga shi nan zaune kusa da shi, ashe akwai sauran mutanen kirki. Sannan ya ce in tashi yanzu-yanzu in je in faɗa wa Inna, in faɗa da ƙarfi a kunnen dama, shi ne mai ji.

Kawu ya ce, “Rubuta yadda na hwaɗi. Kada ka gyara mini Hausa, Mushe.”

Na rubuta cewa Kawu yana nan, shi zai yi magana. Kawu ya fara da sallama. Ya yi masa barka, ya sa masa albarka. Ya tambaya ko a zaune yake, abokina ya ce a zaune. Ya tambaya ko baƙon nasa yana kusa, ya ce ga shi nan. Kowane layi sai ya ɗauki lokaci kafin ya tafi, amsa ta ɗauki lokaci kafin ta dawo, Kawu bai yi gaggawa ba. Ya tuna masa ranar da mahaifinsa ya rasu yana yaro, yadda ya tsaya a sahu bai gudu ba. Ya ce duk abin da Allah ya ba bawa aro ne.

Daga nan dariyar ta ɗauke daga rubutun abokina. Ya rubuta, “Kawu, wa?”

Kawu ya ce, “Rubuta. Uwarka ta yi ciwo ɗan kaɗan. Munka yi abin da muka iya. Wa'adi ya cika. Ta riga mu gidan gaskiya, ta cika da kalmar shahada, ni na ji da kunnena.”

Na rubuta, na latsa. Ban taɓa jin nauyin maɓalli irin na ranar ba.

Can sai ga kalma ɗaya. “Yaushe?”

Kawu ya faɗa masa. Ya ce shi ya hana a faɗa, in akwai fushi a kansa za a sauke. Abokina ya juyo kaina. Ya rubuta, “Mushe. Ranar da ka ba ni labarin akuya?”

Na ce, “Ta riga ta rasu.”

Daga nan shiru. Ɗigon yana nan kore, amma babu rubutu. Bayan wani lokaci mutumin Safo ya rubuta cewa shi ne, yana riƙe da shi, kada mu damu. Na juya na ce wa Kawu ai an gama, yana iya tafiya gona tun ƙasa da danshi.

Ya dube ni kamar yadda nake duban yaron da ya ba da amsar banza. Ya ce, “Hitilar nan tashi ba tana kunne ba?”

Na ce tana kunne.

“Shi ma yana ganin taka?”

Na ce yana gani.

“To ina za mu? Ka taɓa ganin an kai ma mutum rasuwa an tashi an bar shi bai sallami kowa ba? Zauna.”

Muka zauna. Ba mu rubuta komai ba, shi ma bai rubuta ba. Darekta ya leƙo da takardu a hannu, minti yana ta tafiya, ya dubi Kawu a kan tabarma yana jan carbi, ya ja ƙofa a hankali ya koma. Sallar azahar ma bi da bi muka yi ta, Kawu ya yi ina gadi, na yi yana gadi, shi da bai san ko harafi ɗaya a allon ba, ya zuba wa ɗigon ido. Ta taga muna jin masu amalanken jaki suna dawowa ɗaukar ƙarin iri. Na halarci zaman makoki da yawa a rayuwata, da tabarmi da goro da liman. Ban ga wanda ya kai wannan cika ba.

Ana dab da la'asar rubutu ya fito. “Kawu, na gode. Allah ya jiƙanta. An ce an yi ruwa. Ku tafi gona kada ƙasa ta bushe.”

Kawu ya amsa da amin, ya naɗe tabarma da kansa, ya sa takalmansa ya tafi. Ni abokina bai ce mini komai ba.

Ya yi watanni kafin ya dawo, yana jiran takardunsa. A duk tsawon lokacin kullum in na buɗe don aikin makaranta ina ganin ɗigonsa, shi ma yana ganin nawa. Na yi sallama sau biyu bai amsa ba, na bari. Da a gari ne, da ɗayanmu ya sauya hanya, kowa ya huta. A nan kuwa zauren ɗaya ne, dole mu wuce juna kowace safiya.

Da ya sauka, bayan kaka, na je tarbarsa tare da mutanen gida. Ya ba ni hannu kamar yadda ya ba kowa. Washegari ya aiko a kira ni in raka shi maƙabarta. Muka je, na nuna masa wurin, ya tsuguna ya yi addu'a mai tsawo. A hanyar dawowa muka bi ta bakin tafki, masunta suna shanya taru. Ya tsaya.

Ya ce, “Ka san ka sa na yi ta dariya a kwanakin da ake zaman makokin uwata?”

Na ce na sani.

“Abubuwan da ka riƙa aiko mini. Nata ne, ko naka?”

Na ce, “Nata ne. Duka.”

“Har bedin?”

“Har shi. Wurin ƙanwarka na samo.”

Ya gyaɗa kai. Ya ɗauki tsakuwa ya juya ta a hannu, bai jefa ba. Sannan ya ce, a hankali, “Akwai saura?”

Na ce, “Babu, Injiniya. Har kala na yi.”

Ya ce, “Da ka rage mini ko ɗaya, Mushe.”

Wannan ne karon farko da ya kira ni Mushe tun ranar sutunansi.

Yau yana aikin madatsun ruwa, ya yi furfura, ni na ajiye alli. Muna tare kamar da. Bai taɓa ce mini mun kyauta ba, bai taɓa cewa mun yi laifi ba, ni ma ban tambaya ba. Kawu ya daɗe da bin ƙanwarsa. Manhajar nan ban san ko akwai mai amfani da ita yanzu ba, amma dabararta ta ci duniya, domin wayar da kuke karanta wannan a kanta gida ce mai ɗakuna ba iyaka, zaurenta kuma ɗaya. A nan ake ciniki, a nan ake wasa, a nan ake jin mutuwa. Nakan ga an saka hoton mamaci da addu'a a ƙasa tun ba a ɗora ruwan wanka ba, ɗansa yana wata ƙasa a cikin motar haya, ya buɗe waya don ya duba sakamakon ƙwallo. Ba na cewa kowa ya ɓoye rasuwa kamar yadda muka yi. Ni da na yi, na san abin da ya ci mini, kuma ban san abin da ya ci wa abokina ba sai kaɗan. Amma har gobe in aka ce in sanar da wani rashi, kafin in taɓa waya nakan tambaya wa ke kusa da shi. In kuma na faɗa, ba na sauka daga layi sai ya sallame ni.

Wani lokaci ina zaune haka kawai, sai in kama kaina ina bin Alhamis ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, ko akwai wata magana tata da ta maƙale a wani lungu ban aika ba. Har yau ban samu ba. In na samu, ba zan rubuta masa ba. Da ƙafata zan kai masa.